Saura Sakan 19, Wa Zai Ɗaga Hannu?

Duk wanda ya taɓa azumi cikin zafin bazara a Talata Mafara ya san darajar ƙanƙara. Da la'asar sakaliya, bayan rana ta gama gasa kwanon rufi, sai ka ga layi a ƙofar mai firiza: yara da kuloli, magidanta da ledoji, kowa na jiran dunƙulen da zai sanyaya zoɓo ko kunun aya kafin ladan ya kira. Shi kuwa mai ƙanƙarar bai yi barcin kirki ba. Ya kwana yana lallashin janareta, yana lissafin man da ya zuba, yana juya ledojin ruwa don na sama su daskare tare da na ƙasa. Da shi zan fara gaisuwa. Sannu da aiki, mai ƙanƙara, Allah ya sa wa kasuwa albarka!

A irin wannan yammaci ne, cikin goman ƙarshe na azumin 2025, ɗiyar ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ta miƙo mini waya tana dariya.

"Kawu, dubi wanga abin mamaki. Ƙanƙarar da muke saye a leda, wasu a kanta suke gudu!"

Na karɓa na duba. Fili ne fari fat. 'Yan mata ne sanye da kwalkwali da sulke, jiki a rufe ruf daga kai har ƙafa, kowacce da gora mai lanƙwasa a hannu, suna sulalawa bisa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa. Wasan ƙarshe ne na gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara tsakanin 'yan matan jami'o'in Amurka, wanda aka buga ranar 23 ga Maris a birnin Minneapolis. Minti biyar na yi niyyar kallo. Sai ga ni na kwashe makonni ina bin diddigin gasar, ina komawa shekarun baya, ina neman sanin wa ya ci, wa ya faɗi, wa ya sake miƙewa. Abin da ya riƙe ni shi ne, duk inda na duba cikin wasan nan ku nake gani: ku manoman Bakolori, ku masu turara shinkafa, ku 'yan kabu-kabu, ku 'yan kasuwar Talata.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum shida ne, biyar da mai tsaron raga. Tsawon filin mita 61, faɗinsa mita 26, an kewaye shi da katanga. Abin da suke bugawa wani faifan baƙar roba ne mai tauri, girmansa bai wuce waina ba, nauyinsa kusan giram 170, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Kada abin ya zame mana baƙo: yaro nawa ne a ƙauyukanmu bai taɓa korar ƙwallon goruba da sanda ba? Ana buga zango uku, kowanne minti 20. Gasar kuma sili-ɗaya-ƙwale ce. Jami'o'i 11 ke shiga, wadda aka doke sau ɗaya ta naɗe tabarmarta, huɗun da suka rage su ake kira Frozen Four.

A wasan da nake ba ku labari, Jami'ar Wisconsin ce ta kara da ta Ohio State, kuma shekara ta uku ke nan a jere su biyun suna haɗuwa a ƙarshe. A 2023 Wisconsin ta ci 1–0. A 2024 Ohio State ta rama, ita ma 1–0. Na 2025 raba gardama ne. Ohio State ta yi gaba da 3–1. Wisconsin ta farke ɗaya, aka koma 3–2, agogo kuma yana ta cin lokaci. Minti biyar. Minti biyu. Minti ɗaya. Aka yi turmutsutsu a bakin ragar Ohio State, faifan ya ɓace ƙarƙashin jikkuna. Wata 'yar wasan Wisconsin mai suna Laila Edwards, baƙar fata ta farko da ta buga wa babbar tawagar matan Amurka wannan wasa, ta lura wata 'yar Ohio State ta danne faifan da hannu a cikin da'irar raga, abin da doka ta hana. Ta sanar da masu horar da su, aka nemi a sake duba bidiyo, alƙalai suka duba suka ba da fenariti. Abin da ya rage a agogo sakan 18.9.

Kocinsu Mark Johnson ya juya ga benci ya tambayi wadda ke so ta buga. Ku tsaya ku auna nauyin wannan tambaya. Idan aka ci, wasa ya dawo danye. Idan aka ɓarar, aikin shekara guda ya tafi, kuma sunan wadda ta ɓarar ne za a riƙa ambata. Abokan wasanta suna zuga ta, Kirsten Simms ta ɗaga hannu. Ta ɗauko faifan daga tsakiyar fili, daga ita sai mai tsaron gida, ta yi kamar za ta bi nan ta bi can, ta zura. 3–3. Aka shiga ƙarin lokaci, bai cika minti uku ba ta sake zurawa. Kofi na takwas ga Wisconsin.

Na maimaita kallon wurin nan ya fi sau goma, kuma ba ƙwallon nake komawa in gani ba. Hannun nake komawa in gani. Na san wannan hannun! Na gan shi a Bakura ranar da wani magidanci ya kwanta ciwo ana tsakiyar dashe, ɗansa da bai kai shekara ashirin ba ya naɗe wando ya ce, "Baba, kwanta ka huta, gonar ba za ta kwana ba ruwa ba." Na gan shi a Maradun wurin matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar, ta fita takaba ta ɗora tukunyar turara shinkafa da rancen buhu ɗaya na shanshera, yau ita ke ba wasu rance. Na gan shi wurin ɗan kabu-kabun da aka buga wa ƙofa da tsakar dare a kan mace tana naƙuda, ya san halin da hanya ke ciki, ya yi bismilla ya tada mashin. Na gan shi wurin malamar da ta koma aji ranar farko da aka sake buɗe makaranta, alhali zuciyarta na dukan uku-uku. Babu mai ɗaukar hoto a wurin, babu 'yan kallo dubbai, babu kofi. Amma tambayar ɗaya ce: wa zai ɗauka? Kuma kun ɗaga hannu. Ku ci gaba da ɗagawa!

Sai dai hannun da bai saba ba ba ya tashi a irin wannan lokaci. 'Yan matan nan ɗalibai ne, da laccoci da jarrabawa a wuyansu, kuma dokar gasar ba ta barin wadda karatunta ya lalace ta ci gaba da wasa. Atisaye kullum, tafiye-tafiye a ƙarshen mako, littafi a cikin mota. Bugun da ya ɗauki sakan biyar a gaban duniya, shekaru aka yi ana maimaita shi a filin da babu kowa. Haka mai walda da ke haɗa ƙofa ba tare da ya auna sau biyu ba, haka telar da ke yanka shadda mai tsada hannunta ba ya rawa, haka mai awo da ke sanin shinkafa ta bushe daga ƙarar da ta yi a tafin hannu. In ka ji wane, ba banza ba. Kai yaron shago da kake ganin ogan naka ya cika sa ka maimaita abu ɗaya, yi haƙuri ka maimaita. Ranar fenaritinka na nan zuwa, kuma wannan maimaicin ne zai ɗaga maka hannu.

Akwai wani abu a wasan da ya ɗaure mini kai da farko. Ina cikin bin wata 'yar wasa da ido, sai in ga ta nufi katanga ta fice, wata ta diro a madadinta, wasa kuma bai tsaya ba. Ashe gudun kan ƙanƙara yana cin ƙarfi ƙwarai, har gwanar gwanaye ba ta cika wuce sakan 45 zuwa minti ɗaya a fili ba sai ta fita ta numfasa. An kasa 'yan wasa rukuni-rukuni, wannan ya shiga ya zuba duk ƙarfinsa, ya fita, na gaba ya karɓa. Wadda ta ƙi fita don tana son a ga bajintarta, ita ke jawo a ci su.

To wa zai koya wa mutanen Bakura da Maradun karɓa-karɓa? Ƙasar da ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ce fa! Ku saurari yadda ƙungiyarsa ke waƙa: jagora ya ɗauko magana, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe sun ƙara mata, shi kuma ya numfasa ya sake shigowa da ƙarfi. Waƙar ba ta faɗi ƙasa, kuma babu wanda muryarsa ke dushewa. Haka gayya take. Haka adashi yake: yau kwasarki, mako mai zuwa ta maƙwabciyarki, jarin da ba za ki iya tarawa ke kaɗai ba ya zo hannunki a dunƙule. Haka matan da ke turara shinkafa suke yi, wannan na iza wuta, wannan na shanya, wannan na korar kaji da awaki, wannan ta tafi injin casa. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu suka fara ɗaukar neman taimako a matsayin gazawa. Mutum ya riƙe shago shi kaɗai daga asuba har sha ɗayan dare, bai yarda da kowa ba, bai koya wa kowa ba, ranar da zazzaɓi ya kayar da shi shagon ma ya kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Koya wa ƙanenka, jawo ɗiyarka kusa da littafin lissafi, shiga ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinka, ka fito ranar yashe kanal. Zuba ƙarfinka, ka numfasa, ka sake shigowa!

Wata doka kuma ta fi kowacce taɓa mini zuciya. Idan 'yar wasa ta yi laifi, ana fitar da ita ta zauna minti biyu, ƙungiyarta ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar. A wannan minti biyun ake gane ƙungiya. Huɗun nan sukan matse kusa da juna a gaban ragarsu, su tare faifan da gora, su tare da ƙafa, har da kwanciya su tare da jiki, duk wadda ta samu sarari ta wurga shi can nesa don a ci lokaci. Ba ado, ba gwaninta, tsayuwa kawai. Idan minti biyun ya cika ba a ci su ba, 'yan kallo kan tashi da tafi kamar an zura ƙwallo.

Mu a nan mun san wasa da ragin mutum, kuma ba laifin da muka yi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe, aka sako su ranar 2 ga Maris. A watan Agusta na shekarar aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka shiga makarantar Kaya a ƙasar Maradun. A watan nan aka katse layukan waya a faɗin jiharmu, aka rufe kasuwannin mako. Kasuwar da garin Talata Mafara ya ci sunanta ta yi tsit ranar Talata. Gonakin nesa sun gagara zuwa, kuma har yau akwai gidajen da ke da gurbin da ba zai cike ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ku dubi abin da kuka yi a cikin wannan hali. Waya ta mutu, kuka koma aika saƙo a takarda ta hannun direbobi. Kasuwa ta rufe, kuka yi ciniki a ƙofar gida. Gonar nesa ta gagara, kuka ninka ƙoƙari a ta kusa. Kun matse kusa da juna kun tare da jiki. Wa ya ciyar da garuruwan nan a lokacin? Ku ne. Wa ya sa tukunya ba ta daina tafasa ba? Ku ne. Kun cancanci tafin nan, kuma ni na tashi tsaye ina yi muku!

Na tambayi kaina, me ya sa wannan wasa ya yi ƙarfi a Minnesota da Wisconsin? Amsar tana cikin yanayinsu. Sanyin hunturu a can yakan daskarar da tafkuna na tsawon watanni, har mutum ya yi tafiya a kan ruwa. Ana yi wa Minnesota kirari da jihar tafkuna dubu goma, kuma idan sanyi ya sauka noma ya tsaya cak. Wani zai kulle ƙofa ya jira bazara. Su sai suka ɗaura ƙarfe a ƙafa suka hau kan abin da ya hana su sakat, suka mai da shi filin wasa.

Mu namu gwajin rana ce da rani. Wata bakwai ko takwas sama ba ta zubo ko ɗigo, ƙasa ta tsage, iska ta bushe leɓe. Amma ka bi gefen kanal a watan Maris ka gani: kore shar iya ganinka! An fara gina dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala shi a 1978, yana riƙe ruwa mita-kubik miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Bai zo da sauƙi ba. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, kuma a watan Afrilun 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyarsu. Daga baya na'urorin feshin ruwa da aka kafa a mafi yawan filin suka lalace, magudanai suka cike da laka da ciyawa, sai a shekarun baya-bayan nan aikin gyara na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya taɓa su. A duk tsawon shekarun nan wa ya riƙe Bakolori? Manomin da ya sayi ɗan injin ban ruwa da kuɗin akuyarsa. Manomin da ya haƙa rijiya a gefen gona. Mai dashen da ke sunkuye cikin taɓo tun hantsi, yaron da ke korar tsuntsu da gwangwani, ɗan dakon da ke saɓa buhu a kafaɗa, masuncin da ke jefa taru a dam da tafkin Natu. Siminti ya tare ruwa, gaskiya ne. Amma guminku ne ya mai da ruwan shinkafa da masara da dankali da albasa. Su sun hau kan hunturunsu, ku kun hau kan raninku. Wa ya fi wani?

Kada kuma wani ya ce mana mu ƙananan garuruwa ne. Shekara 13 na farko na gasar ƙanƙarar nan, jami'o'i uku ne kacal ke karɓa-karɓar kofin: Minnesota Duluth, Minnesota da Wisconsin. A kakar 2013 Minnesota ta buga wasa 41 ta cinye duka, ba canjaras ko ɗaya. Shekara na zagayowa sai ga Clarkson, wata 'yar jami'a mai ɗalibai 'yan dubbai a ƙaramin garin Potsdam kusa da iyakar Kanada, ta tare ta a wasan ƙarshe ta doke ta 5–4. Ta sake ɗaukar kofin a 2017 da 2018, don kada a ce sa'a ce. Ita ma Ohio State da aka doke a wasan da na kalla, ba kowa ba ce a wannan fage kafin Nadine Muzerall ta karɓi horar da ita a 2016. Shekara shida bayan nan ta ɗauki kofinta na farko. A 2010 kuwa Minnesota Duluth da Cornell sai da suka yi ƙarin lokaci har sau uku, kusan minti 120, ninki biyu na wasa, kafin a samu gwani. Ke mai tuyar ƙosai a bakin tasha, kai mai faci a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kai mai cajin waya da ka fara da soket shida: babban shagon da ke tsallaken titi ba daga sama ya faɗo ba. Riƙe amana, riƙe tsabta, riƙe lokaci, ka bar ƙarin lokacin ya yi tsawon da zai yi. Kai dai kada ka fita fili!

Yanzu ina da magana da iyaye, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. 'Yan matan nan ba dare ɗaya suka samu wannan fage ba. A 1972 aka sa hannu a wata dokar Amurka da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibai maza da mata. A 1994 Minnesota ta zama jiha ta farko da ta amince da wasan a makarantun sakandaren 'yan mata. A 1998 ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Sai a 2001 aka buga wannan gasa ta jami'o'i karon farko, da ƙungiyoyi huɗu kacal. Shekara 29 tsakanin doka da kofi! Waɗanda suka yi fafutukar farko da yawansu ba su taɓa riƙe kofin ba, 'ya'yansu da jikokinsu ne suka riƙe. Kuma da yawa daga cikin 'yan wasan, gorar nan ce ta biya musu kuɗin karatu har suka fita da digiri.

Ban ce kowa ya sayo wa ɗiyarsa gora ba. Kowace al'umma da tarbiyyarta, kuma tamu abar riƙewa ce. Abin da nake cewa shi ne, ɗiya mace idan aka ba ta fili da lokaci da goyon baya, takan kai inda ba a zata ba, kuma mu ba baƙin wannan magana ba ne. Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19. Yau ga jami'ar jiha a Talata Mafara tun 2018, ga kwalejin Abdu Gusau, ga ta aikin gona a Bakura, duk a ƙofar gida. Asibitocinmu na neman ungozoma da likita mace, makarantunmu na neman malama, matanmu na neman wadda za ta duba su ba tare da sun ji nauyi ba. Daga ina za su fito idan ba daga ɗakunanku ba? Uban da ya sayar da buhu biyu ya biya kuɗin jarrabawar ɗiyarsa ya ɗaga hannu. Uwar da ta ɗauke wa yarinya talla ranar makaranta ta ɗora wa kanta ta ɗaga hannu. Duk yarinyar da ta ga abin da ya faru a Jangebe, ta kuma sake ɗaukar jakarta ta nufi aji, wallahi ta fi mai buga fenariti jarumta. Ku tsaya mata!

Kuma 'yan matan ƙasar nan sun riga sun nuna abin da za su iya. Ƙwallon gora ta kan ciyawa muna da ita, ga Kada Queens nan a Kaduna. Tawagar matan Najeriya ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin Olamfik a Pretoria a 2023, ta kuma ɗauko azurfa a wasannin Afirka da aka yi a Accra a Maris ɗin 2024. A ƙwallon ƙafa kuwa, ranar 26 ga Yulin 2025 Super Falcons suna bayan Maroko da ci biyu a Rabat, a gaban 'yan kallon masu masauki, suka farke suka ci 3–2, kofin Afirka na goma. Gidajen kallonmu sun shaida.

Kafin in ajiye alƙalami bari in koma wurin mai ƙanƙara, don na gano yana da ɗan'uwa a wannan labari. Duk bayan zango, idan 'yan wasa sun fita, filin ya riga ya farfashe da sawun ƙarafuna. Sai wani ma'aikaci ya shigo da wata mota yana zagayawa a hankali, tana kankare saman, tana kwashe garin, tana shimfiɗa ruwa, filin ya koma sumul kamar madubi. Ba a rubuta sunansa a jikin kofi, amma ba don shi ba babu mai iya gudu. Sunan motar Zamboni, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Frank Zamboni, sana'arsa ta asali yin dunƙulen ƙanƙara ce a California, yana sayar wa masu jigilar kayan lambu. Firiji ya yawaita, kasuwarsa ta fara mutuwa. Ya zauna yana kuka da zamani? Ina! Shi da 'yan'uwansa suka ɗauki sanin da suke da shi na daskarar da ruwa suka buɗe filin wasan ƙanƙara a 1940. Da ya ga gyaran filin yana cinye wa ma'aikata da yawa fiye da awa guda, sai ya yi ta harhaɗa tsofaffin ƙarafunan motoci yana gwadawa yana rushewa, har ya yi nasara a 1949. Yau sunan mai ƙanƙara ne a filayen wasa na duniya. Kai makanike da ke gyara injin ban ruwa da kayan da wani ya jefar, kai maƙeri da ka ƙera wa mata tukunyar turare mai cin itace kaɗan, kai matashi da ka haɗa firiza da farantin sola don ka huta da sayen mai: jininku ɗaya da mutumin nan. Gwada, rushe, sake gwadawa!

Ɗiyar ƙanwata ta koma makaranta bayan salla. Da za ta tafi na tambaye ta ko jarrabawar da ke gabanta na ba ta tsoro. Ta gyara hijabinta ta ce, "Kawu, tsoro kam akwai. Amma in malam ya ce wa zai fito allo, ni ce ta farko." Na ƙara mata kuɗin mota.

Watan Maris zai sake zagayowa, jami'o'in za su sake hawa ƙanƙara, ni da ita kuma za mu sayi data mu bi su wasa bayan wasa. Kafin nan akwai iri da za a zuba, akwai kanal da ke jiran shebur, akwai shanshera a tukunya, akwai yarinyar da za a raka makaranta. Gobe Talata. Motocin Sakkwato da Gusau za su fara sauke mutane tun da sanyin safiya, masu awo za su baje tiya, 'yan dako za su ɗaure ɗamara. Mai ƙanƙara, zuba ruwa a leda tun yau. Mu haɗu a kasuwa!